Dangwalen Fansar Hula

Shafi na 17

An cire sunan Abdulƙadiri daga cikin manoman da za a ba injin ban-ruwa mai aiki da sola, saboda bashin da bai ci ba.

Tsohon injinsa ya mutu tun ƙarshen damina, kanikawan Goronyo sun ce ko gyara ba ya ɗauka. Irin albasar da ya zuba a fadamar Taloka ya kai dashe. Da bokiti suke bin fangali shi da matarsa Hassana, har kafaɗarta ta kumbura. In babu inji babu albasa bana, in babu albasa geronsu ba zai kai su damina ba. Maganar ke nan, babu wata.

Shi ya sa ya koma ofishin ƙungiyar manoma a Goronyo. Ya tsaya a kan Malama Bilkisu, wadda ke tantance sunaye, ko zama bai yi ba.

"Malama, ki sake dubawa."

"Baba, na duba, na sake dubawa."

"To ki ƙara. Ni tun da uwata ta haihe ni ban taɓa cin bashin banki ba. Ko na mai shayi ba ni kwana da shi."

"Ban ce ka ci ba. Cewa niy yi sunanka na ɗauke da bashi."

"To mi ab bambanci?"

Ta tura masa kujera da ƙafa.

"Zamna in gwada ma. Ina lambarka ta BVN?"

Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda daga cikin naɗinta, ta yi baƙi da gumi. Nan yake ajiye duk abin da yake tsoron ya ɓace. Bilkisu ta karɓa da yatsu biyu, ta buga lambar a kwamfuta, ta juyo masa da gilashin.

"Wanga shi aka kira rahoton bashi. Naka na, kai kaɗai."

Ta fara karantawa. Sunansa da na ubansa. Shekarar da ya buɗe asusu lokacin rabon taki. Unguwar da yake zaune a Taloka, har da cewa kusa da masallaci ne.

Abdulƙadiri ya zauna ba tare da ya sani ba.

"Wa ag gaya musu?"

"Bankuna. Akwai kamfunna da Babban Banki yab ba izini, aikinsu guda na, tara labarin bashi. Duk wanda yac ci bashi, ko yat tsaya ma wani, banki na aika musu. Manyan bankuna da ƙanana, har masu ba da rance ta waya. Duk wanda za shi ba ka abu bashi, can shika fara leƙawa."

"Ina suka zamne?"

"Can Kudu. Amma ko daga nan ina ganin abin da sunka rubuta."

"Sun san ni?"

"Ba su san ko baƙi kake ko fari ba. Sun dai san yadda kaka yi da kuɗɗin mutane."

Ya daɗe yana kallon gilashin, bakinsa a sake.

"La'ilaha illallahu. Ashe ban da na kafaɗa akwai wasu masu rubutu."

Bilkisu ta yi dariya kaɗan, ta gangara ƙasa.

"Nan kuma sunan duk wanda yat taɓa tambaya bisa kanka. Ga namu nan, na makon jiya."

"Har tsegumina da anka yi an rubuta?"

"An rubuta, da ranar da anka yi shi."

"Kai, jama'a! Ko uwar miji ba ta kai su ba."

Sai dariyar ta bar fuskarta. Ta ɗora yatsa a kan wani layi.

"Ga matsalar. Wani ƙaramin banki na Wurno ya ba da bashin noma shekara ukku da sunka wuce. Ba kai ac ci ba. Kai ne garanto, wato kai kat tsaya kac ce in bai biya ba a kama ka."

"Ni? Yaushe?"

"Bari. Wagga lambar wayarka ta?"

Ta karanto lambar da ke ƙarƙashin sunansa.

Ba tasa ba ce. Amma ya san ta kamar yadda ya san hanyar gidansu. Ita yake kira duk Juma'a bayan an sauko masallaci don ya zagi mai ita.

"Shafi'u," ya ce a hankali. "Ɗan banzan nan."

Shafi'u taubashinsa ne, ɗan Goggo Safara'u, ƙanwar ubansa da ke aure a Dinawa. Kowa ya san wasan taubasai, amma na waɗannan biyu ya wuce misali. Ranar auren Abdulƙadiri, Shafi'u ya kwashe masa takalmi a ƙofar masallaci, ango ya koma gida ba takalmi. Shi kuma ya rama, ya kai jakin Shafi'u kasuwa ya sa dillali ya yi ta kiran farashi. Kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawa. Ba a fushi, ba a kai ƙara. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

"Ka san shi ke nan," in ji Bilkisu. "Ka taɓa sa ma wata takarda hannu da yak kawo ma?"

"Ni ban iya sa hannu ba, dangwale nika y..."

Ya tsaya.

Abin ya dawo masa kamar an watsa masa ruwan randa.

Ranar cika-ciki ce, a kasuwar Wurno, ranar da taubasai ke rigimar kuɗin shara. Shafi'u ya lallaɓo ta baya ya fizge masa hula, ya ce bawa ba ya sa hula gaban ubangijinsa. Ya tafi da ita Dinawa, ta kwana wurinsa har kasuwa ta zagayo. Ranar da ya dawo da ita, ya zo da takarda da 'yar tawadar dangwale, ya tara 'yan rumfar albasa.

"Jama'a ku shaida! Bawana za shi fanshi hulatai! Dangwala nan, bawa. Da nan. Da nan kuma, don kada ka yi gardama gobe!"

Mutane suna ta dariya, mahauci yana buga faifai da wuƙa. Abdulƙadiri ya dangwala har wuri uku, yana cewa jikan ɓarayi, Allah ya isa. Har tsire ya saya wa shaidu.

Ya gaya wa Bilkisu duka. Ba ta yi dariya ba.

"Cikin hular har da wagga 'yar takarda?"

"Har da ita. Da katin zaɓe."

"To ka ji yadda anka yi."

Ta sake gangarawa. Wasu ƙananan ɗakuna suka fito a jere, masu launi.

"Dubi nan, Baba. Kowane ɗaki wata guda na. Kore, an biya. Ja, ba a biya ba."

Farkon layin ja ne, kaɗan. Daga nan sai kore, kore, kore, kamar fangalin da ya sha ruwa, layi ya ƙare wani ya kama. A tsakiya akwai ɗaki guda rawaya. Sai kuma daga ranin bara ja ya dawo, bai sake tashi ba.

"Rawayan fa?"

"An biya, amma bai cika ba. Duk wanda ka biyan wanga ya yi ƙoƙari, wallahi. Tun da yaf fara, wata bai taɓa wuce shi ba sai da ƙarfinai yaƙ ƙare."

"Shafi'u? Wanda ko kuɗɗin shara sai an shaƙe shi?"

"Ni dai abin da nig gani na. Da ka taɓa leƙa abin ga tun yana kore, da ka tare shi da sauƙi. Doka ta ba ka damar ganin rahotonka kyauta sau guda duk shekara. Ko ta waya ana nema, ko ka zaka nan in duba ma. Gonarka kullum kana zagaya ta."

"Wa as san suna ma ana zagaya shi?"

"Yanzu ka sani."

Ya shafa gemu.

"To mi ar mafita?"

"Biyu ta. Ko a biya, ka kawo man takardar banki da taf faɗi an gama, kahin mu aika sunaye ƙarshen wata. Don su masu rahoto wata-wata aka aika musu labari, in ka jira su, inji ya wuce ka. Ko kuma ka rubuta ƙorafi ka ce yaudararka anka yi. A yi bincike. Amma in gaya ma gaskiya, wagga hanya ta 'yan sanda ta, kuma ba ta ƙarewa kahin albasarka ta bushe."

Ta dube shi.

"Yatsan naka na?"

Ya dubi babban yatsansa kamar yau ya fara ganinsa.

"Nawa na."

Ta buga masa takardun, ta sa biro ta yi alama a kan ɗakunan tunda injin bugawar ba ya fitar da launi. Ya naɗe su ya sa a aljihu. Ya fita ya hau kabu-kabu, bai ko yi ciniki ba.

Ana sallame Azahar ya isa Dinawa.

Shafi'u na zaune a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya da wasu maƙwabta, yana tufka igiyar shanu. Yana hango shi ya miƙe yana tafi.

"Kai! Wa as saki bawana ba igiya? Ku riƙe awakinku, ɓarawon Taloka ya shigo gari!"

Maƙwabta suka fara dariya, suna jiran ramuwa.

Abdulƙadiri ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Shafi'u, mu shiga ciki."

Dariyar ta mutu. Tun suna yara ba a taɓa jin ya kira shi da sunansa tsirara haka ba.

Suka shiga zaure. Shafi'u bai daina ba.

"Halan Hassana ta kore ka? Na gaya mata tun farko, bawa ba shi riƙe mace."

Abdulƙadiri ya zaro takardun ya shimfiɗa a kan dakali.

"Ka san wanga?"

"Takardar 'yancinka ta? Ban sa hannu ba tukuna."

"Bankin Wurno. Shekara ukku. Fansar hula."

Igiyar ta faɗi daga hannun Shafi'u.

"Wa ag gaya ma?"

"Ba mutum na ba. Shi ya sa ba ka iya cewa ƙarya shika yi."

Shafi'u ya zauna a ƙasa, ba a dakalin ba.

"Shinkafa nis sa, Abdu. Wallahi shinkafa ta yi kyau, ka ga yadda tay yi kai. Nic ce in na yanke in biya su, ko labari ba ka ji. Sai ruwa yaz zaka dare guda yak kwashe ta. Ko buhun iri ban tsira da shi ba."

"Mi as sa ba ka tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ka, ka tsaya man?"

"A'a."

"To ka gani."

"Ka gani? Kac ce ka gani? Ka tara man kasuwa, ana buga faifai, ni ina sayen tsire, ashe wuyana aka yankawa! An cire sunana ga inji, Shafi'u. Hassana na can da bokiti. Irina na mutuwa."

Shafi'u ya sunkuyar da kai.

"Wasa ba ta haramta ba, amma wagga ba wasa ta ba," in ji Abdulƙadiri. "Wasarmu kaɗai ta ƙofar da ban taɓa rufewa ba. Ta nan kas shigo."

"Ka yi man duk abin da kag ga dama."

"Abu guda ah hana ni wucewa wajen 'yan sanda daga Goronyo. Wanga." Ya buga yatsa a kan layin ɗakunan. "Na ga ka yi ƙoƙari. Ka biya, ka biya, sai da kak kasa. Da ban ga wanga ba, da yanzu kana bayan mota."

Shafi'u ya ɗago ido.

"Wane biya?"

"Ga shi nan, wata-wata."

"Abdu, ni ban taɓa kai musu ko sisi ba. Tun da ruwa yac ci shinkafa nit tsere Kudu ci-rani. Da nid dawo, ko ƙofar bankin ban sake bi ba, ta bayan tasha nika zagayawa. Da nij ji shiru, na ɗauka sun yafe na."

"Banki ka yafewa?"

"To ni dai na ji shiru."

"In ba kai ba, wa ab biya?"

Daga cikin gida wata murya ta fito, ba da ƙarfi ba.

"Ku shigo nan ku biyu. Ku bar tara man mutane ƙofar gida."

Goggo Safara'u ce.

Duk ƙasar Wurno an san daddawarta. Har daga Tursa mata ke aikowa a saya musu. Abdulƙadiri ya kwana biyu bai shiga ɗakinta ba, in ya zo a tsakar gida yake gaishe ta. Yau da ya ɗaga labule sai ya tsaya.

Gadon ƙarfenta babu. Jeren kwanukan da ya taso yana gani har rufin ɗaki babu, sai zanensu a jikin bango. Tana zaune a kan tabarma, idanunta sun yi fari-fari kamar an ɗiga musu nono.

Ya durƙusa.

"Goggo, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗan Yari. Ƙaƙa Hassana?"

Yari sunan ubansa ne, yayanta, wanda ya rasu da daɗewa.

"Tana gaishe ki."

"Na ji kana faɗin takarda. Mi tac ce?"

Ya gaya mata yadda Bilkisu ta gaya masa. Masu rubutu da ke can Kudu. Sunan uba, da unguwa, da wanda ya yi tambaya a kan mutum. Da ɗakuna masu launi, kowane ɗaki wata guda.

"Miƙo ta nan."

Ya sa mata a hannu. Ta shafa ta da tafin hannu, a hankali, kamar mai duba ko kalwa ta nuna.

"Ina koren?"

Ya kama yatsanta ya bi da shi kan layin.

"Daga nan. Har nan. Ya sauko nan kuma."

"Duka wanga?"

"Duka."

"Ikon Allah," ta ce. "Ikon Allah. Ni da nika tahiya da lulluɓi, in jira mutane su rage, in miƙa ma yaron ta taga. Ko sunana bai taɓa tambaya ba. Ashe ana gani."

Shafi'u ya dafa bango.

"Inna?"

Ba ta ko juya wajensa ba.

"Akwai wata guda da daddawa ba ta yi kasuwa ba. Rabi nik kai. Na ji kunya ranar, har ban iya kallon yaron ba."

Abdulƙadiri ya kai yatsanta wurin.

"Shi ma yana nan, Goggo. Ga shi. Rawaya sunka sa mai."

"Rawaya." Ta yi murmushi, ta bar yatsanta a wurin. "Ba su ƙara ba, ba su rage ba. To in na ɗiyan Adamu haka shike, ina ga wancan? Allah ka ba mu da hannun dama."

"Amin," in ji Abdulƙadiri.

Ana jin kaza tana tsattsaga a tsakar gida.

"Inna, yaushe?" in ji Shafi'u. "Ƙaƙa kinka sani?"

"Kana Kudu sunka zaka, su biyu bisa babur. Nic ce ba ka nan. Sunka ce ba komi, akwai garanto, Abdulƙadiri Yari na Taloka, can za su. Sai da nis sa sunka maimaita sunan. Na san ɗan Yari bai tsaya ma kowa, ko ubanai at tashi daga kabari. Nan nis san abin da kay yi."

"Mi as sa ba ki gaya man ba, Goggo?" in ji Abdulƙadiri.

"In gaya ma mi? In ce ɗana ya cuce ka? Ku biyu kaɗai kunka rage man masu sa ni dariya. In kun shigo kuna zage-zagenku sai in ji awa Yari na da rai. Nic ce ma mutanen su bar ka, ni ka biya. Daddawa ta biya wani. Gado da kwanuka sun biya wani. Awaki ma sun tai."

"Sannan?"

"Sannan hayaƙin kalwa yag gama da idanun. Ban iya tsintar tsakuwa, mata sunka fara maido man da daddawa. Shi na jan da kag gani."

Shafi'u ya fashe da kuka, irin na babban mutum, mara daɗin ji.

"Rufe man baki," ta ce. "Lokacin kuka ya wuce ka tun kana zagaya tasha."

Abdulƙadiri ya goge fuska da hannun riga. Ya shigo gidan da niyyar cin mutunci, yanzu ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohuwar da ba ta kai nauyin buhun gero ba ta ɗauki sunansa a ka wata da watanni, shi yana can yana barci.

"Goggo, ya isa. Kin yi naki har ya wuce. Abin da yar rage ni ka biya. In sa ɗan maraƙina kasuwa, wanga ɗan banza shi saida shanun huɗanai, mu haɗa."

"Wallahi na yarda," in ji Shafi'u. "Gobe in kai su."

"Babu saura," in ji Goggo.

"Takarda ta ce akwai."

"Takardarka ba ta ji labari ba tukuna. Makon jiya sunka komo, sunka ce haƙurinsu ya ƙare, wanga karon da mota za su Taloka su kwashe kaya gaban jama'a. Shekaranjiya nis sa anka kai ni Wurno. Na biya duka. Ka tai gobe su ba ka shedar, ka kai ma yarinyar, ka amshi injinka."

Abdulƙadiri ya dubi Shafi'u. Shafi'u ya dubi bangon da babu kwano ko ɗaya.

"Goggo, da mi kinka biya?"

Ta fara naɗe takardar, tana daidaita bakinta.

"Inna, da mi?"

"Da abin da ubana yab bar man."

Abdulƙadiri ya ɗago ya dube ta.

Fadamar da yake nomawa a Taloka ta kakansa ce. Da aka raba gado, kashi biyu ya faɗa wa ubansa Yari, kashi ɗaya ya faɗa wa Goggo. Da yake aure ya kai ta Dinawa, sai ta bar wa yayanta yana nomawa, bayansa ɗansa ya ci gaba. Ba ta taɓa karɓar komai ba sai buhun albasa guda duk shekara. Har Abdulƙadiri ya manta akwai iyaka a cikin gonar. Kason Yari shi ne na tudu. Nata shi ne na bakin ruwa, inda rijiya take.

"Goggo." Abdulƙadiri ya matso kusa da ita. "Jingina kinka yi?"

"Jingina ba ta kai ba. Na tambaya."

"Wa kinka saida ma?"

"Alhaji Atiku na Rabah, mai sayen albasa. Ya daɗe shina aiko man."

"Irina na ciki, Goggo. Duka irina can nij zuba shi, kusa ga rijiya."

"Na sani. Na roƙe shi shi bari sai ka cire albasa. Yac ce in haka na sai shi rage kuɗɗi. In ya rage, ba su isa bashin." Ta miƙo masa takardar. "Na auna, ɗan Yari. Ƙasa ana sayen wata. Ban iya gani a zo da mota ƙofar gidan yayana ana kiran ɗanai maci bashi."

"To injin, in ya zaka, mi za ni shayarwa da shi?"



Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Hassana ce. Ya ɗauka, muryarta ta cika ɗakin, tana haki.

"Maigida, kana ina? Ga wasu mutane nan cikin fadama da igiyar awo. Na ce su hita, sun ce wurin na Alhaji na tun shekaranjiya. Sun amshe man bokiti, sun ce kada in sake taɓa rijiyar."

"Hassana..."

"Sun fara kafa turaku, maigida. Na farkon tsakiyar irinka sunka buga shi."